Shekarar da Na Tura Yayana Dogon Kiriya

Ranar da kuka buɗe kanti na goma sha ɗaya, kun ɗauko maroƙi ya tsaya bakin ƙofa yana gaya wa jama'a wai ni Gado da faifan gishiri ɗaya na fara, ni kaɗai, ba mai tallafa mini sai Allah. Ina zaune kan kujerar da kuka aje mini a inuwa, ƙafafuna a kumbure, ina jinsa, ban tanka ba. Na ga kuna murna, ban so in ɓata muku rana. Amma maganar ta biyo ni gida ta ƙi barina, shi ya sa na ce a kawo mini takarda. Ku yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne. Faifan gishirin gaskiya ne, sai dai ba nawa ba ne, na kakarku ne, Inna. Kuma ban fara ni kaɗai ba. Akwai yayana Arzika, wanda manyanku suka sani da Baba Arzika na Dogon Kiriya, ƙanananku kuwa ko sunansa ba su riƙe ba. An gaya muku mutum ne da ba ya son zaman gari, ya zaɓi ƙauye da kansa. Ni na fara faɗin haka, kuma ba haka aka yi ba.

Da mahaifinmu ya rasu, abin da ya bar mana gona ce mai yashi gabas da dutsi, da jakai biyu. Inna ta fara aje faifai a bakin zaure, gishirin Foga da kanwa da ɗan barkono, don mu samu na lampo, kuɗin kai da Faransa ke karɓa. Arzika ya girme ni da shekara shida. Shi ne mai jakai, shi ke zuwa kudu ɗauko gishiri, shi ke bin kasuwanni, Kiyeshe, Tibiri, har ƙetaren iyaka ƙasar Ingilishi. Ni kuwa tun ina ƙarami aka kama ni aka sa lakwal, makarantar Faransa, na yi shekara uku na gudo, amma na fito da sanin harufa da lissafin Nasara. Saboda haka da faifai ya zama tebur, tebur ya zama ɗaki mai ƙofar katako kusa da kasuwar Dogon Dutsi, aka ce sai an yanki fatanti, wato takardar izinin ciniki, sunana aka rubuta. Ba don na fi shi komai ba, sai don ni ke iya tsayawa gaban teburin bariki in amsa tambaya da bakinsu. Shi ke kawo kaya, ni ke zama. Ƙafafunsa duk faso, nawa sumul. Inna kuma tana bakin ƙofa da faifanta, don ta ce ita ba ta yarda da cinikin da ake yi cikin ɗaki ba.

Sai yaƙin Nasaru ya zo, aka rufe iyaka. Mu ba mu san abin da ya haɗa Faransa da Ingilishi ba, mun dai ga kaya sun ɗauke. Ba ashana, ba kananzir, ba sukari, ba sabulu. Abin da ya fi ciwo tufafi. Mata na yin ɗinki bisa ɗinki har ba a gane asalin zane, magidanci sai ya aro riga zai je suna. Ƙetaren iyaka kuwa, tafiyar yini biyu a jaki, ga alawayyo nan jibge a kasuwa. Arzika ya san kowane burtali tsakanin Tibiri da can, Fulani duk sun san shi. Yakan tafi da gishiri ya dawo da turmi biyu ko uku naɗe cikin tabarma ƙarƙashin buhun gero. Ba ma sa su a kanti. Cikin rumbu muke ɓoyewa, a yanka wa wanda aka sani kamu huɗu, kamu shida. Kowane turmi yana da tambarin kamfanin Ingilishi a bakinsa, shuɗi, da rubutunsu. Doka ɗaya Arzika ya kafa mini: in yanke bakin nan in sa a wuta kafin in sayar da ko taki ɗaya. Na yi haka sau da yawa. Amma duk lokacin da na ga rabin kamu na sabon alawayyo yana cin wuta, sai in ji kamar naman jikina ake ƙonawa. Wata rana wata mata ta zo neman ƙyallen da za ta yi wa 'yarta riga, kuɗinta bai kai ba. Na ba ta bakin turmi a kan abin da ke hannunta, na ce ta juya tambarin ciki. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne. Da tausayi ne, da na yanka mata mai kyau na ƙona wancan. Wutar na yi wa ƙyashi.

Ranar kasuwa yarinyar ta fito da rigar, tambari a waje, tsakiyar bayanta. Wani gardi, cikin dogaran bariki, ya gani, ya tambayi uwar, ta faɗi inda ta saya. Kafin la'asar su huɗu sun shigo gidanmu, sun kwance rumbu, sun fito da turmi uku. Suka tasa mu gaba mu biyu. Kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki, bai fito ba tukuna, sai aka zaunar da mu gindin tsamiya a filin bariki, ga rigar an rataye a ƙofar biro, wato ofishinsa. Arzika ya dubi rigar, ya dubi yankan bakinta, ya gane almakashina. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"In anka tambaye ka, kai ba ka san komi ba. Rumbu nawa na, jakai nawa na."

Na ce, "Yaya, ni na ba ta..."

"Na sani. Ba shi muke magana ba. Sunan wa ke bisa takardar kanti?"

"Nawa."

"To in sunka rufe ka, sun rufe kanti. Inna ta ci mi? Kulu da goyonta su ci mi? Ni ban iya zama cikin ɗaki ina jiran mai saye ba. Kai ka iya."

Kulu matarsa ce, lokacin tana goyon ɗansu na fari. Na so in rubuta muku cewa na yi gardama, na yi kuka, ya rinjaye ni da ƙyar. Ban yi ba. Na ce to. Da sauri ma na faɗa, har ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya mai da idonsa ƙasa. Da aka shigar da mu, na tsaya gaban kumandan na faɗa da Faransanci cewa ban san abin da ke cikin rumbun yayana ba. Aka yanke masa shekara uku a kaso da aikin hanya, aka ƙwace jakai, ni aka ci ni tara aka sake ni. Na dawo gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa.

"Wa ya zaɓa, kai ko shi?"

Na ce shi.

Ta ce, "Na san haka," ta ci gaba da tankaɗenta.

An kai su aikin hanyar mota da ta bi ta Kore Mairuwa ta nufi Doso, suna fasa marmara suna ɗauka a kwando bisa kai. Na gaya wa Inna zan kafa rumfa a Kore Mairuwa don in kasance kusa da shi, in riƙa kai masa fura da taba. A watan farko gaskiya ne. Nakan tsaya bakin hanya da ƙwarya, in ba gardi goro, a bar shi ya fito daga layi ya sha a tsaye. Bai taɓa tayar mini da maganar rigar ba. Tambayarsa kullum ita ce ko gero ya yi kyau a gonarmu, ko ɗansa ya fara tafiya. Amma inda aka tara mutane da yawa haka, ga masu tsaronsu, ga matan masu tsaron, ga direbobin kamyo, manyan motocin kaya, nan ciniki yake. Gardawan da ke riƙe da bulala a kansa su suka zama manyan masu sayen kayana. Na daina aika kowa ƙetare. Wasu ke ɗaukar kasada su ƙetaro, ni in saya a bayan gari, in sayar wa matan gardawa, waɗanda ba mai kwance musu rumbu. Bayan wata biyar aiki ya yi gaba, aka wuce da su. Ban bi su ba. Rumfa ta riga ta kama, na ce in na tashi wani zai zauna wurin. Na aika masa da garin fura sau biyu ta hannun direba, daga nan na bari. Kafin ya fito, rumfar ta zama ɗakin ƙasa mai ƙofa biyu, na sa ƙanen uwarku Dije a ciki, ni kuma ina kai da komo tsakanin kanti biyu bisa doki. A shekarun nan ne mutane suka daina ce mini ƙanen Arzika, suka koma ce mini mai kanti.

Ya dawo shekarar da yaƙi ya ƙare, ana gab da shuka. A ƙasa ya zo. Na hango shi daga nesa ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Haƙoransa biyu na gaba babu, tsakiyar kansa ta saɓule saboda kwando, gashi bai ƙara fitowa wurin ba, ga wani busasshen tari da ƙurar marmara ta bar masa. Ya tsaya ya dubi kanti daga sama har ƙasa, ya ce na yi ƙoƙari. Na yanka rago, na sa aka ɗinka masa riga, na gaya masa gaban Inna cewa rabin komai nasa ne. Ya ce to. Amma ba wurin da zai shiga. Jakai babu, kuma kaya yanzu kamyo ke kawo su, ta hanyar da shi ya fasa wa dutse. Na ce ya zauna cikin kanti, ya gwada yini biyu, ya ce ɗaki mai ƙofa ɗaya yana toshe masa numfashi. Sai ya jawo buhun gishiri ya aje a waje kusa da faifan Inna, nan ya zama wurin zamansa. Mutanen ƙauye da Fulani in sun shigo kasuwa wajensa suke fara tsayawa, a yi ta hira. Abu ɗaya ya canza da ya dame ni. A zamanin, in Nasara ko gardi zai wuce, kowa tashi yake ya cire hula. Arzika ya daina. Na yi masa magana a hankali, ya ce, "Na tsaya musu shekara uku. Ya isa."

Bayan girbi wani kamfanin Nasaru mai babban sito a Doso ya fara neman wakili a Arewa, wato ƙasarmu ta Dogon Dutsi, mutum ɗaya da zai riƙa karɓar kayansu, atamfa da kwanoni da fitilu da sukari, ya rarraba a kasuwanni, ya kuma saya musu gyaɗa. Kowa ya san wanda ya samu ya wuce sa'o'insa ke nan, wanda ya rasa kuma zai koma saye a hannun wanda ya samu. Mu uku ke nema a Dogon Dutsi. Nasaran kamfanin ya zo da akawunsa, wani mutumin bakin teku mai jin Hausa. Ya shiga kantina ya duba jeren kaya, ya duba sikeli, ya ji Faransancina, ya gyaɗa kai. Da zai fita, Arzika na zaune bisa buhunsa, hula a kai, ƙafa miƙe a bakin ƙofa, tari kuma ya kama shi. Nasaran ya tsaya yana jiran a janye ƙafa. Arzika ya gama tarinsa, ya tofar gefe, ya dube shi ido cikin ido, sannan ya janye ƙafar a hankali. Nasaran ya wuce ya fita. Bayan la'asar akawun ya dawo shi kaɗai, ya ja ni bayan kanti.

"Nasara ya yaba da kantinka. Amma ya yi tambaya a bariki, an gaya masa ko wane ne na bakin ƙofa. Kamfani ba ya aje kayansa inda wanda aka ɗaure kan fasa-ƙwauri ke zaune."

Na ce, "Yayana ne. Tare muke da kantin."

"A takarda kai kaɗai ne. Ba a ce ka kore shi ba, a dai daina ganinsa. Nan da kwana goma motar kaya za ta taso. Ko ta tsaya ƙofarka, ko ta tsaya ƙofar wani."

Na yi kwana uku ina juya maganar. In zan faɗi gaskiya, ba ko in karɓa ko in ƙi nake juyawa ba, wannan na gama shi tun akawu bai kai bakin hanya ba. Yadda zan faɗa nake nema. Sai Dogon Kiriya ta faɗo mini a rai. Can arewa take, tafiyar yini biyu cikin yashi, kasuwa sau ɗaya a mako, ba Nasaran da ke zuwa sai in lokacin ƙirgar lampo ya yi. Ranar ta huɗu da hantsi muna tsakar gida, Inna na kaɗi, Kulu na daka, uwarku Dije na wanke ƙore, Arzika na gyaran ƙotar hauya. Na zauna kusa da shi na fara.

"Yaya, na yi wani tunani. Dogon Kiriya ba kanti ko ɗaya, ga Fulani ga Buzaye, kai kuma ka san su. In munka buɗe can, kai ka riƙe, naka na kai ɗaya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaushe ka yi wanga tunani? Kafin Nasara ya zo, ko bayan ya tahi?"

Kulu ta jingine taɓarya.

"Can ko likita babu. Mutum na irin wanga tari, a kai shi inda rijiya ma sai an haɗa igiya biyu?"

Dije ta ce, "Ai ba korar shi anka yi ba, kanti guda anka ba shi."

Kulu ta ce, "Ke dai yi shiru. Naki ƙanen yana Kore Mairuwa, bakin hanyar mota."

Daga nan Inna ta aje mazari bisa cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Gado, dube ni. Sau ɗaya ya tahi don kai. Wanga na biyu na."

Na ce, "Inna, don gidan nan duka na. In kamfani ya ba wani, ba mu kai shekara biyu."

"Ban ce ƙarya kake ba. Na ce na biyu na."

Arzika ne ya raba mu. Ya buga ƙotar da ƙasa ya ga ta zauna, ya aje ta gefe.

"Ku bar shi. In kantin ya mutu, shekara ukun nan tawa ta tahi banza. Gara in san abin da na saya da ita." Ya juyo gare ni. "Abu ɗaya nike so. Ka riƙa zuwa kana ganina. Kada ka yi mini irin ta hanya."

Wannan ne karo ɗaya tak da ya taɓa nuna mini ya riƙe abin da na yi masa a Kore Mairuwa. Na ce in Allah ya so kowane wata. Na yi hayar raƙuma huɗu, na cika su da kaya fiye da abin da kantin ƙauye ke bukata, kamar yawan kayan zai rage wani abu. Da safen tafiya an gama ɗauri, sai ga Inna ta fito da ƙunshin tufafinta da faifanta. Na tare ta na ce ina za ta, ga tsufa ga nisa. Ta ce, "Kai kana da kamfani. Shi wa gare shi?" Aka ɗora ta bisa jakin aro. Na raka su har bayan dutsi na dawo. Duk wanda ya tambaye ni a kasuwa ranar, na ce masa Yaya ya gaji da hayaniyar gari. Bayan kwana shida motar kamfani ta tsaya a ƙofata.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda maroƙa suka sani, kuma ba wata dabara mai zurfi a cikinsa. Duk kasuwar da ake awon gyaɗa, sai in kafa sikeli, in gina kanti a gefensa. Manomi ya karɓi kuɗin gyaɗarsa a wannan ƙofa, ya shiga waccan ya bar su, ya fita da atamfa da fitila. Haka aka yi na Kiyeshe, haka aka yi na Tibiri. Kowane kanti sai na samo ɗan uwa na dasa a ciki, don ban yarda da bare ba, har gidanmu na Dogon Dutsi ya zama ba mazan da za su haɗa hannu a ƙwarya ɗaya. Kullum ina bisa hanya, ina cin abinci a tsaye, ina barci a bayan mota bisa buhuna. Manyanku sun san ba ni na raine su da hira ba. Ban faɗi wannan don ku ji tausayina ba, ni na zaɓa. Kuma ban faɗa don ku raina kantunan ba, sun ciyar da ku, sun kai wasunku makarantar Yamai, sun ciyar da 'ya'yan Arzika ma. Ina so dai ku san da me aka saye su. Kowane wata da rani kamyo na kai kaya Dogon Kiriya, ban taɓa fasawa ba, har da sukari da maganin tari na musamman nasa. Ni kaina kuwa, cikin shekara tara, sau uku na je. Na farko na kai ƙofa da kwado. Na biyu rasuwar Inna. Na uku wucewa ce zuwa sayen awaki, ko kwana ban yi ba. Kowane wata akwai dalili, kuma kowane dalili gaskiya ne. Amma abin da ya fi hana ni shi ne ba ya yi mini ƙorafi. In na je sai ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi ciniki, ya yi murna da sabon kanti. Wannan ne ba na iya zama in ji.

Ina Tibiri ana rufa wa sabon sito kwano aka aiko mini Arzika ya rasu. Ɗan aiken ya yi kwana biyu a hanya, ni ma na yi biyu, na isa an riga an yi addu'ar uku. Kulu tana takaba, ta yi mini magana daga bayan asabari. Muryarta ta tsufa fiye da shekarunta. Ta turo mabuɗin kanti ta ƙarƙashin asabarin.

"Ya ce a ba ka. Kaya na nan daidai, ba abin da ya ɓata."

Na ce ba kaya suka kawo ni ba. Na ɗauka ta gama. Sai ta ci gaba.

"Kowane wata in kamyo ya zo, sai shi ɗauki sanda shi hita. Ba shi tsayawa baya inda kaya suke. Sai shi zagaya shi leƙa gaba, wurin direba. Sannan shi dawo shi ce a sauke."

Na ɗauki mabuɗin na fita.

Washegari ranar kasuwa ce. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar kantin, yana rufe, ina karɓar gaisuwa daga mutanen da ban sani ba, su kuwa duk sun san ni da ƙanen Arzika. Wajen azahar sai ga wani dattijon Bafillace ya iso da takarkari, daga gani daga nesa yake. Ya dubi ƙofar a rufe, ya tambayi ina mai kanti. Aka gaya masa. Ya tsuguna a wurin, ya yi addu'a, ya shafa. Sannan ya ce, cikin jin nauyi, shi yini biyu ya yi a hanya, shanunsa na bukatar kanwa, kuma ba wurin da ya saba saye sai nan. Mutane suka juyo suna dubana. Na tashi na buɗe. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, amma Arzika ya fasa masa manyan tagogi biyu, iska na ratsawa. Komai a jere, tsaf. Na sami buhun kanwa, na auna masa tiya uku, na share bakin kowace da gefen hannu yadda na koya wa yaran kantunana. Ya riƙe bakin jakarsa a buɗe, bai ɗaure ba.

Ya ce, "Saura gyara."

A sauran kantunana na yi shekaru da hana gyara, awo awo ne. Na tsoma hannu cikin buhu, na ɗebo cike, na zuba masa. Ya leƙa cikin jakar, ya dubi hannuna.

"Hannun Arzika ya fi wannan."

Ya ɗaure jakarsa, ya biya, ya ja takarkarinsa ya tafi. Na so in rufe in koma kan tabarma, amma mutane sun riga sun ga ƙofa a buɗe. Wata ta shigo neman allura, wani na son ashana. Na tsaya a wurin ina sayarwa har kasuwa ta watse.